Zare: Gidan da ya gaji asali da gidan da ya sayi asali, wanne ya tsaya?

1/ Jama'a, yau ina da magana a kan samurai. Musu ne ya haɗa ni da wani abokina bayan mun gama kallon Shōgun. Shi a ganinsa abin da ya riƙe gidajen nan na Japan shi ne jini: ɗan babban gida ba ya faɗuwa, kuma barorinsa ba sa juya masa baya. Na ce masa ya ba ni dama in kawo masa gidaje biyu. Ku gyara zama, zaren da tsawo. 🧵

2/ Ra'ayina tun daga farko, don kada a ce na ɓoye: asali a wurin samurai takarda ce da ake iya gyarawa, kuma an gyara ta sau da yawa. Abin da ba a iya gyarawa da alƙalami shi ne ko mutanen da ke cin abinci a gidanka za su tsaya ranar da ƙura ta tashi. Gidan Takeda da gidan Tokugawa su ne shaidata.

3/ Kalmomi uku tukuna. Daimyo shi ne sarkin yaƙi mai ƙasa da dakarunsa. Shogun shi ne shugaban mulkin soja na ƙasar baki ɗaya, sarkin Japan da ke Kiyoto ne yake naɗa shi, amma ikon yana hannunsa. Koku kuwa mudun awon shinkafa ne, kusan lita 180, abin da ake ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Da koku ake auna arzikin gida da albashin bara.

4/ In na ce bara ko barori a wannan zaren, kada ku ɗauko hoton yaron aike. Ina nufin samurai da ya yi wa ubangida caffa, aka ba shi ƙasa ko shinkafa, shi kuma ya kawo takobinsa da mutanensa ranar yaƙi. Wasu barorin suna da ganuwarsu, da garuruwansu, da nasu barorin. Wasu ma 'yan'uwan ubangidan ne ko surukansa.

5/ Mu fara da Takeda. In ana maganar asali, waɗannan ba a ja da su. Salsalarsu ta tafi har ga Minamoto no Yoshimitsu, wanda ya rasu a 1127, daga reshen Minamoto da ya fito daga sarki Seiwa na ƙarni na 9. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe da lardin Kai, yankin duwatsun da yau ake kira Yamanashi. Har tsohuwar tuta da sulke na gado suke da su, waɗanda ake rantsuwa a gabansu.

6/ Yanzu ku dubi ɗaya gidan. Kafin a ce Tokugawa, sunansu Matsudaira, sunan wani ƙauye ne a cikin duwatsun Mikawa. Wurin yau yana cikin birnin Toyota, eh, garin motar nan da kuka sani. Labarin da gidan yake bayarwa da kansa shi ne kakansu na farko baƙo ne, ɗan zuhudu mai yawo, ya zo ƙauyen ya auri 'yar gida ya ɗauki sunansu.

7/ Daga baya sai aka ce ai wannan baƙon jinin Nitta ne, wani reshe na Minamoto. Kakan Iyeyasu ne ya fara amfani da sunan da ke nuna haka. Masana tarihi sun duba, ba su ga hujjar da ta haɗa ƙauyen Matsudaira da Nitta ba. A taƙaice dai, ɗan ƙaramin gida ne da ya yi ƙarfi, ya nemo wa kansa kakanni.

8/ Ga inda abin ya fi ban dariya. A ƙarshen 1566 zuwa farkon 1567 Iyeyasu ya nemi fadar Kiyoto ta amince ya koma Tokugawa, ta kuma ba shi sarautar Mikawa. Wani babban bafade, Konoe Sakihisa, ya shige masa gaba. A lokacin a matsayin ɗan Fujiwara aka rubuta shi, don haka ya fi sauƙin wucewa. Daga baya ya koma Minamoto. Mutum ɗaya, kakanni kala biyu. 😅

9/ To ga su nan. Ɗaya ya gaji asali na gaske, ɗaya ya je Kiyoto an rubuta masa. In da maganar abokina gaskiya ce, Takeda ne za su mulki Japan. Abin da ya faru kuwa: Takeda sun rushe a 1582, Tokugawa kuma suka riƙe ƙasar daga 1603 har 1867, shogun 15 a jere. Tambayar ita ce me ya sa.

10/ Amsar da aka saba bayarwa: wai mutanen Mikawa Allah ya yi su da amana, masu taurin kai ne, ba sa barin ubangida. Wannan ma ban yarda da ita ba. Kakan Iyeyasu, Matsudaira Kiyoyasu, yana tsakiyar ƙarfinsa a 1535 baransa ya sare shi da takobi a sansanin yaƙi. Bai kai shekara 30 ba. Gidan ya kusa watsewa. Ina amanar da aka haife su da ita?

11/ Shi kansa Iyeyasu, an haife shi a Okazaki a 1543, yana ƙaramin yaro aka ba da shi jingina. Ya yi kusan shekara biyu a hannun gidan Oda, sannan daga 1549 ya koma hannun gidan Imagawa a Sunpu. Bai dawo gida a matsayin mai iko ba sai 1560, bayan an kashe Imagawa Yoshimoto a Okehazama. Shekarun nan duka barorinsa na ƙarƙashin baƙi.

12/ Bai daɗe da dawowa ba, a 1563, tawaye ya ɓarke a Mikawa tsakaninsa da mabiya wata ɗariƙa ta addinin Buda, a kan 'yancin wuraren bautarsu. Barorinsa da yawa 'yan ɗariƙar ne. Aka ce su zaɓa, ubangida ko addini, da dama suka ɗaga makami a kansa. Gida ɗaya sai ka ga wa a nan, ƙane a can. Sai a 1564 wutar ta mutu.

13/ A nan ne nake ganin gidan Tokugawa ya ginu, ba a Kiyoto ba. Bayan ya yi nasara ya rusa wuraren bautar, ya hana ɗariƙar sakat a ƙasarsa kusan shekara 20, don haka kada a ɗauka mai taushin zuciya ne. Amma yawancin samurai da suka yaƙe shi ya yafe musu, ya mai da su bakin aiki. Ku riƙe sunaye biyu: Natsume Yoshinobu da Honda Masanobu.

14/ Janairun 1573, a Mikatagahara, Takeda Shingen ya yi wa Iyeyasu dukan da bai taɓa sha ba. Rundunarsa ta tarwatse, shi kansa da ƙyar ya sha. Kamar yadda aka ruwaito, wanda ya tare abokan gaba ya ba shi damar gudu, har ya mutu a madadinsa, shi ne Natsume Yoshinobu. Ɗan tawayen da aka yafe wa shekara tara kafin nan. Alheri gadon barci.

15/ Honda Masanobu kuwa barin ƙasar ya yi, ya yi shekaru yana yawo. Da ya dawo aka karɓe shi. Ƙarshenta shi ya zama mashawarcin da Iyeyasu ya fi sakin jiki da shi, har jarumawan gidan suna jin haushinsa don shi ba mutumin fagen fama ba ne. Sun rasu a shekara ɗaya, 1616, 'yan makonni tsakani.

16/ Yanzu mu koma Kai mu ga yadda jinin gaske yake zama da barorinsa. A 1541 Shingen ya kori mahaifinsa, Nobutora, daga mulki. Tsohon ya je ziyara gidan surukinsa a Suruga, aka rufe masa hanyar dawowa. Saurayi ɗan shekara 20 ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Manyan barorin gidan ne suka gaji da uban, suka ɗora ɗan.

17/ Kun ga darasin? Ko a gidan da asalinsa ya fi kowa tsafta, barori ne suke zaɓar wanne daga cikin masu jinin zai zauna. Jini yana sa ka cikin jerin waɗanda za a duba. Amincewar mutanen nan ce take ɗora ka, kuma ita take sauke ka. Shingen ya san haka sarai, shi ya sa ya rayu yana lallaɓa su da shawara da rabon ƙasa.

18/ Matsala ta zo wajen gado. Babban ɗansa, Yoshinobu, ya saɓa da shi, aka tsare shi, ya mutu a 1567. Wanda ya rage a gaba shi ne ɗa na huɗu, Katsuyori. Mahaifiyarsa 'yar gidan Suwa ce, gidan da Shingen ya ci da yaƙi, kuma tun farko an ware Katsuyori ne don ya gaji gidan Suwa. Wato a idon dattawa, jiya shi ma ɗaya daga cikinsu ne.

19/ Shingen ya rasu a 1573. Katsuyori ba rago ba ne, a yi masa adalci, har faɗaɗa ƙasar ya yi. Amma a 1575 a Nagashino ya afka wa haɗakar Oda da Tokugawa da suka ja daga bayan shinge da bindigogi. A yini ɗaya ya rasa ginshiƙan gidan: Yamagata Masakage, Baba Nobuharu, Naito Masatoyo da wasu da yawa. Asalin gidan bai ragu ko kaɗan ba. Mutanen ne suka ƙare.

20/ Duk da haka ya sake shekara bakwai a tsaye. Abin da nake ganin ya kashe shi da gaske shi ne Takatenjin. Iyeyasu ya kewaye wannan ganuwa, mutanen Takeda suna ciki yunwa na cin su, Katsuyori bai aiko da ɗauki ba. A 1581 ganuwar ta faɗi, aka kashe yawancin waɗanda ke ciki. Kowane bara a ƙasar Takeda ya ji labari.

21/ Ku sa kanku a matsayin baran da ke gadin wata ganuwa a bakin iyaka. Yarjejeniyar da ke tsakaninka da ubangida mai sauƙi ce: in ya kira ka zo, in an tare ka ya zo. Yau ka ga an tare wasu bai zo ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, me za ka yi? Ga kuma nauyin gina sabuwar ganuwa a Shinpu da aka ɗora wa jama'a a shekarar.

22/ Farkon 1582 bango ya tsage. Wanda ya fara sauya sheƙa shi ne Kiso Yoshimasa, mijin 'yar Shingen. Sai Anayama Baisetsu, ɗan 'yar'uwar Shingen, shi ma yana auren 'yarsa, ya koma wurin Iyeyasu. Lura fa, waɗanda suka fi kusa ta jini da aure su ne suka fara buɗe ƙofa. Cikin 'yan makonni rundunar ta narke kusan ba tare da yaƙi ba.

23/ Katsuyori ya banka wa Shinpu wuta da hannunsa, ya nufi wurin baransa Oyamada Nobushige don ya fake. Oyamada ya rufe masa hanya. A gindin dutsen Tenmokuzan, da 'yan mutane kaɗan da suka rage, shi da matarsa da ɗansa suka kashe kansu. Gidan da ya haura shekara 400. Shi kuma Oyamada bai ci riba ba: gidan Oda suka kashe shi, suka ce maci amana ne.

24/ Sai abin da ya fi burge ni. Bayan an kashe Oda Nobunaga a watan Yunin 1582, Iyeyasu ya shiga Kai. Bai bi mutanen Takeda da kisa ba, ɗaukar su aiki ya yi. Sama da 800 suka sa hannu a takardar rantsuwa. Mutanen da suka kusa kashe shi a Mikatagahara, yanzu suna karɓar shinkafarsa. Ya tabbatar wa da yawa filayensu, suka tabbatar masa da takubbansu.

25/ Da yawa daga cikinsu ya haɗa su da wani matashi, Ii Naomasa, tare da jan sulken da aka san rundunar Yamagata da shi. Shi Naomasa ma ba ɗan Mikawa ba ne, daga Totomi yake, maraya ne da gidansu ya kusa shafewa. A 1590, da aka mai da Iyeyasu yankin Kanto, shi ya samu kaso mafi girma: koku 120,000. Honda Tadakatsu da Sakakibara Yasumasa 100,000 kowanne.

26/ Wani misalin: Okubo Nagayasu, ɗan mai wasan rawa da kwaikwayo ne a fadar Takeda, ba shi da wani asali na a zo a gani. Ya iya lissafi da harkar ma'adinai. Iyeyasu ya damƙa masa zinaren Sado da azurfar Iwami. Sannan Tsuciya Masatsune, wanda ya mutu yana kare Katsuyori har ƙarshe, ɗansa a ƙarƙashin Tokugawa ya zama daimyo. Saƙon a fili yake: amana tana da lada, ko ga abokin gaba ka yi ta.

27/ Ba kullum abin yake yi ba fa. A 1585 Ishikawa Kazumasa, wanda ya zauna da shi tun zaman jingina a Sunpu, wanda aka ba riƙon Okazaki, ya kwashe iyalinsa ya koma wurin Toyotomi Hideyoshi. Mutumin da ya san duk sirrin gidan. Wannan ya ƙara nuna min cewa amanar Mikawa ba halitta ba ce. Abu ne da ake sabuntawa kullum, wani lokacin kuma a rasa.

28/ Misalin da kowa ke kawowa shi ne Torii Mototada, kuma ya cancanta. Tun suna yara a Sunpu yake tare da Iyeyasu. A 1600 aka bar shi a ganuwar Fushimi da mutane kusan 2,000, a gaban runduna ta kusan 40,000, ya kuma san ba ɗauki. Ya riƙe su sama da kwana goma, ya mutu a ciki. Bayan 'yan makonni, ran 21 ga Oktoba, aka ci yaƙin Sekigahara.

29/ Wani zai ce to ai shi ma an bar shi ba ɗauki, me ya raba shi da Takatenjin? Tambaya ce mai kyau. Bambancin: an zauna da Mototada an gaya masa gaskiya kafin a tafi, kuma bayan ya mutu an biya. Ɗansa ya samu koku 100,000, daga baya aka ƙara. Sau biyu jikokinsa suka yi abin da doka ta ce a ƙwace ƙasarsu, aka rage musu amma aka bar gidan, saboda Fushimi.

30/ Har yau akwai wuraren bauta a Kiyoto da aka yi rufin ɗakunansu da katakon daɓen Fushimi, ana nuna tabon da aka ce jinin mutanen Mototada ne. Wannan ba tausayi kaɗai ba ne, siyasa ce. Gwamnati tana gaya wa kowane bara: in ka mutu dominmu, 'ya'yanka ba za su yi bara a titi ba, kuma ba za a manta sunanka ba.

31/ Yanzu bari in ba abokina haƙƙinsa, don yana da magana. Ya ce: in asali ba komai ba ne, me ya kai Iyeyasu Kiyoto neman sa? Gaskiya ne. Asali yana da aiki. A Mikawa akwai rassan Matsudaira sun fi goma, kowa yana ganin daidai yake da kai. Ranar da ya zama Tokugawa shi kaɗai, sauran suka zama barori masu sunan Matsudaira. Suna ya raba sahu.

32/ Kuma wanda ya kafa mulkin shogun na farko a Kamakura ɗan Minamoto ne, gidan Ashikaga da suka biyo baya ma haka. Jarumin da yake ganin ya fi ka iya yaƙi yana buƙatar dalilin da zai durƙusa maka ba tare da ya ji kunya ba. Salsala ita ce dalilin. Laima ce, na yarda. Amma laima ba ta tsayuwa da kanta, sai an samu mai riƙe ta.

33/ Hujjar cewa su kansu sun san suna ya fi jini: ɗaukar ɗan riƙo. Uesugi Kenshin, babban abokin gabar Shingen, ɗan gidan Nagao ne, barorin Uesugi, a 1561 ya gaji sunan iyayen gidansa. Hideyoshi ɗan talaka ne, a 1585 ya zama ɗan riƙon Konoe Sakihisa, mutumin nan dai da ya taimaki Iyeyasu, ya hau muƙami mafi girma a fada. Ƙofar asali ba ta taɓa rufuwa ga mai runduna ba.

34/ Daga 1641 zuwa 1643 gwamnatin Tokugawa ta umarci daimyo da manyan barorinta kowa ya kawo salsalarsa, aka tattara a littafi ɗaya. Ku yi tunanin irin gyaran da aka yi a daren nan a gidaje da yawa. Gidan da shi kansa aka rubuta masa kakanni, shi ne yau yake tantance kakannin wasu. In wannan bai gaya maka wa ke haifar wa ba tsakanin iko da asali, ban san me zai gaya maka ba.

35/ Dubi kuma yadda suka raba ƙasar. Tozama, manyan gidajen da suka miƙa wuya daga baya, irin su Maeda mai koku kusan miliyan ɗaya, an bar musu faɗin ƙasa amma ba su da kujera a gwamnati. Fudai, tsofaffin barori, ƙasarsu ƙarama ce, amma su ne majalisar dattawa mai tafiyar da mulki. Mai dukiya ba iko, mai iko ba dukiyar da zai yi tawaye da ita.

36/ Shi ya sa mulkin ya ci gaba ko da shogun yaro ne ko mara lafiya. Na bakwai, Iyetsugu, ya rasu a 1716 bai kai shekara takwas ba, ba magaji. Aka ɗauko Yoshimune daga reshen Kii, aiki ya ci gaba. Reshe uku aka ajiye tun farko don irin wannan rana: Owari, Kii da Mito. Jinin kamar kayan gyara aka ajiye shi. Injin kuwa barori ne.

37/ Kada a ce ina wanke Iyeyasu. A 1579 ya sa babban ɗansa Nobuyasu ya farke cikinsa, aka kuma kashe uwar yaron. A 1615 ya shafe gidan Toyotomi, har jikan Hideyoshi ɗan ƙaramin yaro aka kashe. Okubo Nagayasu mai zinare, yana mutuwa a 1613 aka tuhume shi da almundahana, aka kashe 'ya'yansa maza. Ba waliyyi ba ne. Mai lissafi ne da ya san abin da ke riƙe da shi.

38/ Kuma da zaman lafiya ya zo, tsofaffin jarumai suka fara ƙorafi. Okubo Tadataka, tsohon sojan Mikawa, ya rubuta Mikawa Monogatari a shekarun 1620, cike da kukan cewa waɗanda suka zubar da jini an bar su a baya, masu lissafi da waɗanda suka taɓa cin amana sun haye. Yawancin labarin amanar Mikawa daga irin wannan littafi ya fito: mai bin bashi ne yake tuna wa ubangida.

39/ Ƙarshen labarin shi ya fi ƙarfafa min ra'ayi. Gidan Ii, masu jan sulke, su ne kan gaba a fudai shekara 250. A 1860 aka kashe shugabansu Ii Naosuke a ƙofar fadar Edo yana riƙe da gwamnati. A 1862 gwamnatin da ya mutu yana yi wa aiki ta yanke wa gidansa koku 100,000. Da yaƙi ya tashi a 1868, gidan Ii suna ɓangaren sarki, suna yaƙar Tokugawa.

40/ Reshen Owari, jinin Iyeyasu tsantsa, su ma ɓangaren sarki suka bi. Wa ya tsaya har aka rusa masa gari? Aizu. Wanda ya kafa gidan Aizu, Hoshina Masayuki, ɗan shogun na biyu ne da aka haifa a ɓoye. 'Yar Shingen ce ta raine shi, gidan Hoshina, tsofaffin barorin Takeda, suka ɗauke shi ɗa. Ɗan'uwansa shogun na uku ya jawo shi ya ɗaukaka shi, zuri'ar gidan ba su manta ba.

41/ To kun ga zagayen. Alherin da aka shuka a mutanen Takeda a 1582 da a Masayuki bayansa, shi ya yi tsaye a 1868. Wulaƙancin da aka yi wa gidan Ii a 1862, cikin shekara shida aka girbe shi. Doka ɗaya ce ta ci Katsuyori ta ci jikokin Iyeyasu. Ba ta tambayi kowa sunan kakansa ba.

42/ Abin da ya sa na damu da wannan tsohon labari: muna son sigar fim, inda bara yake mutuwa don kawai an haife shi bara. Sigar nan tana yi wa masu gida daɗi, don tana cewa biyayya haƙƙinsu ce ko sun yi ko ba su yi ba. Tarihin bai ce haka ba. Ya ce kowane ubangida yana da Takatenjin ɗinsa, ranar da mutanensa suke kallo su ga zai zo ko ba zai zo ba.

43/ Abokina dai bai sallama ba. Ya ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Na ce masa Katsuyori ya gada, har da tuta da sulke, amma ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofar baransa ba a buɗe ba. Wanda ke da hujjar da ta fi tawa, ga fili nan a ƙasa, a kawo da shekara da suna. In an so, zare na gaba sai mu taɓa ronin 47, don can ma akwai gyara.